Gilashi Lamba Biyar

Shekara talatin da huɗu Sau-Ɗaya ya yi yana walda, kuma a cikinsu ƙofa uku kacal aka taɓa dawo masa da su. Daga nan sunan ya samo asali: abin da ya haɗa sau ɗaya, ya haɗu ke nan. Lissafin aikinsa a ka yake riƙe da shi. Ƙofar gida ɗari takwas da sittin da biyu, gadon ƙarfe ɗari da tara, tankin ruwa arba'in da bakwai, tagogi kuwa ya daina ƙirga su da suka haura dubu biyu. Idan ka zauna a bencin shagonsa na minti goma, da waɗannan lambobin za ka tashi, ko ka tambaya ko ba ka tambaya ba.

Shagon rumfar kwano ce, taku shida a tsaye, huɗu a kwance. Akwai injin walda mai jan fenti da tsatsa ta ci rabinsa, da teburin ƙarfe, da bokitin da yake zuba guntayen sandar walda. A jikin ƙusa kuma akwai wani ɗan baƙin gilashi da ya ɗaura wa katako, wanda yake karawa a fuska idan zai ja dogon layi.

Dogon layin ba shi ne ya cuce shi ba, ɗigo ne. Kafin a ja layi sai an fara ɗiga wa ƙarfe wuta a kusurwoyi domin ya tsaya. Hannu ɗaya yana riƙe da ƙarfen, ɗaya yana riƙe da sanda, babu hannu na uku da zai riƙe gilashi. Masu waldar zamaninsa sai su kau da kai, su runtse ido, su ɗiga. Wani lokaci ido ya riga wutar rufuwa, wani lokaci wutar ta riga shi. Maigidan da ya koya masa aiki cewa yake yi ido yana sabawa, shi ma haka ya riƙa faɗa wa na bayansa. A rana yakan yi ɗigo sittin, kwana shida a mako. Duk ranar da wutar ta kama shi da yawa, sai ya koma gida idanu jajir kamar an zuba masa yashi, matarsa ta yayyanka ɗanyen dankali ta jera masa a kai.

"Dankalin da idonka ya ci ya fi wanda cikinka ya ci, Malam," in ji ta.

"Ai shi ya sa yake da ƙarfi."

'Ya'ya biyar suka haifa. Huɗu sun kama hanyarsu: direba, tela, malamar makaranta, da mai gyaran firji. Babu wanda ya taɓa sandar walda sai Auta, wadda ta kai shekara ashirin da uku. Ta yi shekara uku tana buga takardu a wani shago, shagon ya rufe, ta zauna wata biyar a gida, sannan wata rana ta shigo da takarda a hannu. Ta yi rajista a cibiyar koyon sana'a, ajin walda na 'yan farko, wata shida, ɗalibai ashirin da biyu, mata uku.

"Ga ubanki a gida, za ki je wani ƙato ya koya miki riƙe sanda?"

"Baba, kai ba ka ba da takardar shaida. Kuma sau huɗu na ce ka koya mini, kana cewa sai bayanka ya yi sauƙi."

Bayansa lafiyarsa ƙalau. Shekara huɗu ke nan da wani hazo ya sauka a idonsa na dama, bara kuma ya tsallaka na hagu, bai gaya wa kowa ba. Ya san taku ɗari uku da goma sha biyu ne daga ƙofar gida zuwa shago. Ya yi wa ma'auninsa tsaga-tsaga da zarto domin babban yatsa ya riƙa karanta masa. Mutane kuwa da murya yake gane su, ya kira sunansu tun kafin su ƙaraso, har ana yaba masa da rashin mantuwa. Aikin da ke da ƙananan ado ya daina karɓa. Gilashin da ke jikin ƙusa sau biyu ya sauya shi da wanda bai kai shi duhu ba, yana zagin masu yin gilashin yanzu da cewa sun cika baƙi. Da Auta ta ce wani ne zai koya mata, ya yi faɗa a baki, a ciki kuwa ya ji an sauke masa kaya.

Takardar cibiyar ta lissafa abu shida da kowane ɗalibi zai zo da su ranar farko. Ya ce ta karanta masa, tabaraunsa yana shago. Safar hannu ta fata, riga da wando na auduga, takalmi mai rufe ƙafa, fatar ɗaurawa a ƙirji, farin tabarau na gugar ƙarfe, sai hular walda mai gilashi lamba goma ko sha ɗaya.

"Lamba," ya ce da tsaki. "Mu da ido muke zaɓen gilashi. Ran Asabar ni zan kai ki."

Suka tafi da hantsi layin masu kayan aiki, shagon Guntu, wani dogon mutum da sai ya sunkuya yake shiga ƙofar kansa. Shekara ashirin yana sayar wa Sau-Ɗaya sandar walda.

"Hular walda? Kai?" in ji Guntu. "Tsaya in leƙa waje in ga ta ina rana ta fito yau."

"Ba tawa ba ce, ta 'yarka ce. Fito da kayan kirki, ban da waɗanda kake ɗura wa baƙi."

"'Yata, ashe ke za ki gaji taurin kan? Sannu da ƙoƙari."

"Yauwa, Kawu."

A kan abu biyar na farko, Sau-Ɗaya ya nuna shi tsohon hannu ne. Safar hannu tara ya mayar. Yakan shinshina, ya juya cikinta, ya bi ɗinkin da farce. Wadda ɗinkinta yake waje ya ce tartsatsi zai cinye zaren cikin mako biyu, gajera kuwa ya ce ta masu tuƙa babur ce. Ta goma, mai tsawo har kusa da gwiwar hannu, ita ya miƙa wa Auta, ya ce ta dunƙule hannu ta buɗe sau biyar. Da aka kawo riga, ya zare zare ɗaya daga gefen ciki, ya ce Guntu ya ƙyasta ashana. Zaren ya dunƙule ya yi ƙwallo mai tauri.

"Roba ce. Wannan ba ƙonewa take yi ba, narkewa take yi ta manne a fata."

"An rubuta auduga a wuyanta."

"Kai ma an rubuta Guntu a kan shagonka."

Ta biyu zarenta ya zama toka, ya murje ta a yatsa, ya amince. Ya gaya wa Auta ɗankwalinta ma na auduga za ta sa, ta cusa bakinsa cikin riga. Wando ya sauko kan takalmi, kada a naɗe ƙafarsa. Ya tuɓe nasa takalmin ya nuna mata wani tabo mai faɗin kwabo a bayan ƙafarsa, inda narkakken ƙarfe ya taɓa faɗawa ya rasa hanyar fita. Auta tana ta rubutawa a bayan takardar, shi kuwa muryarsa ta buɗe kamar ta shekara goma baya.

Sai aka zo kan hula. Ya zaɓi mara nauyi, mai madaurin da ake ƙara wa tsawo, wadda za ta zauna a ka ta bar hannu biyu su yi aiki. Saura gilashin da za a sa a tagarta. Guntu ya jawo akwatin da gilasai suke jere a ciki, ya kunna wani tsohon ƙwan lantarki mai zare da yake ajiye domin wannan gwajin. Dokar tsofaffin masu walda ita ce: ka kara gilashi a ido ka dubi ƙwan. Idan ka ga zaren wutar shi kaɗai, siriri, komai na kewaye ya ɓace, gilashin ya yi.

Guntu ya miƙo na farko. Sau-Ɗaya ya kara, ya juya fuskarsa wajen da yake jin zafin ƙwan.

"Wannan ai bango ne. Kawo wani."

Na biyu ma bango. Na uku bango. Ya fara zagin masu yin gilashi kamar yadda ya saba, Guntu ya yi dariya a na biyu, a na uku bai yi ba. Sau-Ɗaya ya kai hannu cikin akwatin da kansa, yana ɗauka yana mayarwa, yana matsawa gaba. A na shida ya ga zaren, ja-ja, siriri, yana rawa kaɗan.

"Yauwa. Ga gilashi. Sa mata wannan."

Guntu ya leƙa lambar da ke gefen gilashin.

"Sau-Ɗaya," in ji Guntu, murya ƙasa-ƙasa, "ko ka ƙara dubawa. Wataƙila ƙwan ne ya yi sanyi yau."

"Ƙwan lafiyarsa ƙalau. Lamba nawa ne?"

Guntu ya yi gyaran murya. "Biyar. Na masu yanka da gas ne."

Ba ya bukatar a yi masa bayani. Mai ido lafiyayye da ya ja layi da lamba biyar, gilashin da bai kai goma duhu ba ko kusa, kafin la'asar zai fara hawaye, wata shida kuwa a bayansa ba ƙaramin abu ba ne. Ya kuma gane abin da lambar ta faɗa a kan nasa idon, a gaban mutum biyu. Ya tsaya da gilashin a hannu.

Auta ta karɓi gilashin, ta kara, ta dubi ƙwan. Sannan ta ajiye shi kusa da hular.

"Kawu, a sa shi. Idan Baba ya ce shi ne, shi ne. Masu rubuta takarda ba su yi shekara talatin da huɗu suna walda ba."

Ya ji yadda muryarta ta sauya da ta zo kan shekarun. Ko ta gane tana rufa masa asiri ne, ko ba ta gane ba ta yarda da shi ne kawai, bai iya rabewa ba. Abin da ya sani shi ne yarinyar nan ba ta taɓa mayar da abin da ya zaɓa mata ba. Za ta sa shi ran Litinin, idan malamin ya hana, ta yi musu da sunan ubanta. Ya ji ƙarar Guntu yana buɗe tagar hular a hankali, yana jan lokaci. Da ya yi shiru na minti ɗaya, da sun fita da mutuncinsa cikakke.

"Bari," ya ce. "Auta, me kika gani a ciki?"

"Ƙwan, Baba."

"Da me?"

Ta waiga ta dubi shagon. "Da kantar shagon. Da Kawu. Da kwalayen da ke bayansa."

"Ni zare kawai na gani." Ya laluba ya zauna a kan wani buhu. "Shekara huɗu ke nan. Fuskarki ma, tun bara ban gan ta sosai ba. Ba bayana ba ne, ban iya ganin layin da zan nuna miki ba ne."

Guntu ya juya yana gyara kwalayen da ba su bukatar gyara. Auta ta durƙusa a gabansa, ta riƙe hannunsa da safar fatar da ba ta cire ba.

"Me ya sa ba ka faɗa ba?"

"Wa zai kawo wa makaho ƙofa? Tashi, kada ki jiƙa fatar da hawaye, tauri take yi. Guntu, ba ta na farkon da ka ba ni. Ita za ta duba."

Ta kara lamba sha ɗaya, ta ce zaren yana nan amma da ƙyar. Ta kara lamba goma, ta ce ga shi siriri, babu komai a gefensa. Ya ce a sa goma, a ƙara mata sha ɗaya ta ajiye don ranar da za a ba ta ƙarfe mai kauri. Sannan ya sa ta saka hular, ta gyaɗa kai ta faɗo kan fuskarta, ta ɗaga, ta sake, har sau ashirin yana ƙirgawa da kunne.

"Ko ɗigo ɗaya ne, ki sauke ta. Wanda ya ce miki ido yana sabawa, ki turo shi wurina."

Ran Laraba ita da babban yayanta suka kai shi asibitin ido. Likita ta ce na hagu yanar ido ce, ana iya cirewa, a sa rai da kaɗan. Na dama kuwa ƙunar ta kai can ciki, babu abin yi. Ta ce walda ta ƙare masa. Akwai ƙofa ɗaya da ya fara bai gama ba, ya sa aka kai wa wani tsohon abokin aikinsa, ya hana a saka ta cikin lissafi. Ɗari takwas da sittin da biyu ya tsaya.

A mako na uku da fara karatunta Auta ta dawo da ƙarafa biyu da ta haɗa a aji, ta same shi a tsakar gida da auduga manne a idon hagun da aka yi wa aiki. Ya karɓa, ya bi layin da babban yatsa daga farko zuwa ƙarshe, ya dawo.

"Rami bakwai. Kina ɗaga sanda da yawa, kuma kina sauri a ƙarshe."

"Malam ya ce biyar ne."

"Malam da ido ya duba." Ya juya ƙarfen a tafin hannunsa, bai mayar mata ba. "Idonki fa? Yana yaji?"

"Ko kaɗan, Baba."

"To. Gobe ki roƙe shi ya ba ki wasu biyun, ki sake."