Warin da ke ƙarƙashin shimfiɗar ɗiyata

Har yau in zan fasa ƙwai sai na kau da kai na ɗauke numfashi. Wata mota ce ta yi mini haka, wadda muka yi sanyin shekara guda muna kwana cikinta tsakanin Paris da Lyon.

Maigidana ɗan kasuwa ne. Yana sarin shadda da atamfa da mayafai a ɗakunan ajiya na Aubervilliers, ya kai wa matan Lyon, garin da yayarsa take aure. Mu ɗakinmu yana Stains. Da na haihu ya ce ba zai dinga barina ni kaɗai da jaririya ba, ni da ko faransancin kirki ban iya ba. Sai ya sayo wata tsohuwar mota irin wadda tsofaffin Turawa ke yawon hutu da ita, mai gado da murhu da ɗan firigo na sanyaya abinci a ciki. Kampin-kar suke ce mata. Ni dai ranar da na fara shiga, abin da na fara dubawa shi ne inda zan kwantar da ɗiyata. Akwai wani benci mai katifa kusa da bakin da ke huro ɗumi, nan na yi mata shimfiɗa da zanen goyo biyu, na tare gefen da matashi.

Ban san motar tana da batir biyu ba sai da ɗaya ya mutu. Na gaba shi ke tada inji. Na biyun na ɗaki ne, shi ke riƙe da fitilu da famfon ruwa da fankar da ke turo ɗumi, kuma a cikin akwatin bencin nan yake, daidai ƙarƙashin inda yarinyar take kwana. Wanda muka tarar a motar ya gaji. Wata safiya muka tashi hancin yarinyar kamar ƙanƙara, fankar ta tsaya.

Maigida bai je shagon masu irin waɗannan motoci ba. Wurin da ake yanka tsofaffin motoci ya tafi, shi da wani abokinsa na Montreuil, suka dawo suna nishi da wani baƙin batir da mutum ɗaya ba ya ɗauka.

"Na kamyo ne, babbar motar kaya," ya ce, yana bubbuga shi kamar ya sayo rago. "Abin da ke tada kamyo da kayansa, fitila da fanka ne za su gagare shi?"

Ya san batir, in ji shi. A Damagaram da batirin mota mahaifinsu yake kunna tale, wato talabijin, shi ne kuma mai tura shi a baro zuwa wurin mai caji. Daga can ya taho da dokokinsa. Batir sai an bar shi ya mutu sarai, fitila ta yi ja ta ɗauke, sannan a caja shi, in ba haka ba lalaci yake koya. In ruwansa ya sauka a ƙara masa, kuma da butar alwala yake ƙarawa, ruwan famfo. Ya sayo wani injin caji mai nauyi irin na garaji, wanda ba ya kashe kansa sai an zare shi. Akwai kuma wani ɗan rami a gindin akwatin da ke fita waje. Ya ce ta nan sanyi yake shigo wa yarinya, ya tura tsumma ya toshe. Wannan kam na yi masa godiya.

Warin a hankali ya fara. Da farko kamar an manta dafaffen ƙwai a jaka. Daga baya ya koma ruɓaɓɓe, irin wanda ke shiga maƙogwaro ya zauna, ka ci tuwo ka ji shi a cikin tuwon. Na fitar da komai daga firigo na wanke da ruwan javel mai kashe ƙwayoyin cuta. Na zubar da ƙwai masu kyau. Na kwance labule, na wanke katifu, na shiga ɗan bayin nan da ko juyawa ba a yi a ciki na goge shi har fatar hannuna ta saɓule. Kwana biyu shiru, sai ya dawo.

"Daddawarki ce," in ji maigida. "Na ce miki ki bar ta a Stains. Ko kwastan ba su yarda da ita ba."

Na zubar da daddawar da innata ta aiko mini, ina kuka. Warin bai tafi ba.

"To ɗiyarki ce. Me kike ba ta?"

"Ɗiyata ce yau? Jiya da ta yi dariya taka ce."

Ya yi dariya, ni ban yi ba. Na koma shinshina yarinyar kamar kyanwa, wuyanta, kunnenta, kush ɗin da nake ɗaura mata a gindi. Wallahi akwai ranar da na ɗauke ta daga barci na ji warin a gashin kanta, na ji ƙyamar jikin ɗiyar da na haifa. Na ajiye ta na fita waje na yi amai a bakin titi. Idanunta kullum ja, ga ɗan tari busasshe. Na ce haƙori ne, na ce sanyi ne, na ce ko nonona ne ya lalace.

Ni ban yi nisa a karatun lakwal ba, amma ina lura. A hanya, in muna gudu a otorut, babban titin nan, babu wari sosai. In mun kwana inda babu kuran, wutar lantarki ke nan, babu. Sai ranar da muka samu wurin jona waya, ya ɗora injin cajinsa ya bar shi yini guda, ranar ce ɗakin yake komawa masai. Na faɗa masa.

"Kuran ne yake wari?" ya ce. "Ke dai. Wa ya taɓa shinshina kuran?"

Ni ma da na ji maganar a bakinsa sai ta yi mini kama da shirme.

Ranar da abin ya fito muna Lyon, a farfajiyar gidan yayarsa. Hajiya muke ce mata. Babbar mace ce, ita ta riƙe shi bayan rasuwar mahaifiyarsu, ko shi ba ya ɗaga kai in tana magana. Tun safe ya jawo waya daga garajinta ya jona, ya kwashi kaya ya shiga falo inda mata suke jiran shadda. Bayan azahar na kwantar da yarinyar a bencinta, sai ga Hajiya ta ƙwanƙwasa, ta zo ganin motar da ake ta ba ta labari. Na durƙusa na gaishe ta, ina gajiya, ina gida, ina yara, ina sanyi. Ta amsa biyu, na ukun ya maƙale. Ta ja bakin mayafi ta rufe hanci.

"La'ilaha illallahu. Ke! Mushe kuka ɗauko a hanya?"

"Hajiya, na wanke ko'ina."

"Kin wanke. Haka ake wanki a gidanku? Mace da ƙuruciyarki, ɗaki kamar akwati ya gagare ki? Ashe shi ya sa shaddar da ya kawo wancan zuwan sai da na shanya ta. Ko turare ba ki da shi?"

Na ce ina da shi, amma maigida ya hana ni kunna garwashi a mota saboda kaya.

"Shi ya hana. To ni bai hana ni ba. Zauna nan, bari in nuna miki yadda mata suke yi."

Ta fita tana tofar da yawu. Na tsaya kamar an watsa mini ruwan wanke-wanke. Yarinyar ta motsa ta fara tarin nan, na sunkuya in ɗauke ta, hannuna ya shiga ƙarƙashin zanen. Katifar da zafi. Ba ɗumin jikin yaro ba, zafi kamar bayan tukunya. Na goya ta, na janye katifar, sai na ji ƙara daga cikin akwatin, ƙasa-ƙasa, irin ta kunu in ya fara tafasa. Ban taɓa buɗe akwatin nan ba, na maigida ne. Na ɗaga murfin.

Warin da ya bugo ni ban san da me zan kwatanta shi ba. Idona ya cika da hawaye nan take. Batirin ya kumbura, cikinsa ya turo kamar na mataccen jaki. Wani ruwa ya tsattsafo ta saman, kan ƙarafunan ya yi fari da kore kamar ruɓaɓɓen burodi, katakon ƙasa ya yi baƙi ya yi laushi. Bakin zanen goyon da ya leƙa ciki ya cinye, ina taɓawa ya marmashe. A kan wannan ɗiyata take kwana. A gefen batirin akwai takarda manne. Rubutun ban iya ba, amma akwai hoto: harshen wuta, an ja masa jan layi a kai.

Na ɗago, sai ga Hajiya tana tahowa daga ƙofar kicin da kasko a hannu, garwashi ja, tana fifita shi da murfin kwali, hayaƙin turare yana bin ta.

Ban yi tunani ba. Na sauko na tsaya a bakin ƙofar motar na ware hannuwa.

"Hajiya, kar ki shigo da wuta."

"Me kika ce?"

"Don Allah, don Annabi, ki tsaya nan."

"Ni kike tarewa? A gidana?" Ta juya wajen falo. "Kai! Fito ka ga abin da ka auro!"

Ya fito da tef ɗin awo a wuya, mata biyu suna leƙe ta taga. Ya ce mini in matsa in ba Yaya hanya, ban da hankali ne? Ban matsa ba. Na ce ya shiga ya duba batirinsa, in ya fito ya ce a shiga da wuta, zan matsa. Ya shiga da fushi. Bai daɗe ba ya fito da baya, hannu a hanci, ya wuce mu da gudu zuwa garaji ya zare wayar daga bango. Ya dawo ya buɗe tagogi duka da ƙofar baya.

"Yaya," ya ce, muryarsa ta canza, "koma da kaskon nan ciki. Can ciki."

Washegari muka kai yarinyar wurin likita. Ta duba ido da maƙogwaro da ƙirji, ta ce iskar ta ƙona su kaɗan amma za su warke, kar a sake kwantar da ita a wurin. Daga nan muka wuce wani shago a bayan gari inda ake sayar da kayan irin motocin. Wata Baturiya ce a kanta. Maigida yana fassara mini, rabi yana haɗiyewa, ni ina kallon hannunta. Batirin kamyo, in ji ta, an yi shi ne ya ba da ƙarfi sau ɗaya ya huta, ba a yi shi don a tsotse shi dare da rana ba. Na ɗaki daban ne, kuma ko shi ba a barinsa ya sauka ƙasa da rabi. Ruwan famfo yana kashe shi. Injin cajin da ba ya tsayawa dafa shi yake yi, iskar da ke fita kuma tana kamawa da wuta. Da aka zo kan ramin da aka toshe, bai fassara ba. Na gane da kaina ta nan ya kamata iskar ta riƙa fita, don ta dafe kai.

Ya so ya ɗauki wani batir mai murafu a sama, wai ya saba da shi. Na ce a tambaye ta wanne ne ba a buɗewa, ba a ba shi ruwa. Ta nuna wani rufaffe ruf, da ƙaramin injin caji mai kashe kansa, da ɗan agogo da ake mannawa a bango yana nuna abin da ya rage. Su muka ɗauka. Ni na zare tsumman daga ramin da hannuna, na jefa shi a shara tare da katifar da katakon. Agogon kuma ni nake dubawa, in ya kusa rabi in kashe fitilu, ko ana cin abinci.

Hajiya ba ta sake tada maganar ba, ni ma haka. Da za mu tafi ta ce in riƙa shanya labule.

A hanyar komawa Paris maigida ya sa sabuwar katifa a bencin, ya shimfiɗa zane da kansa, ya daddaɓa.

"Kawo ta. Matar ta ce wannan ba ya fitar da komai. Ko jariri ya kwana a kai, in ji ta."

"To ta kawo nata," na ce.

Na ɗora bandiran shadda a kan bencin har sama, na kwantar da ɗiyata a gadonmu ta wajen bango, inda hannuna yake kaiwa.