Farantin da Aka Yi wa Kuɗi Sifili

Rigimata ta farko da Nicanor a kan rufin gidana aka yi ta, yau shekara goma sha ɗaya. Ya zo da tsani a kafaɗa, wai gidana ya fi kowanne tudu a ƙauyen, zai ɗaura farantin intanet a jikin bututun hayaƙina. Ladana kuwa, wai intanet kyauta har in mutu.

Na ce, "Ni da ban san ko bihim ba? Dafa shi zan yi, ko kaji zan watsa wa?"

Ya ce, "Gwaggo Herminia, mutane yuro ashirin da biyar suke biya duk wata."

"To su ci gaba da biya. Ni itace za ka faskara min kowace kaka."

Ya ce min mai taurin kai, na ce masa ɓarawon rufi. Da yamma sai ga shi da gatari.

Ɗan makiyayi ne, amma tumaki ba su taɓa shiga ransa ba. Da ɗaura eriyar talabijin ya fara. Da manyan kamfanoni suka ce kwarinmu bai kai a ja masa waya ba, sai ya kafa turke a kan dutse, ya riƙa harbo intanet daga faranti zuwa faranti, har ya haɗa gida ɗari da talatin a ƙauyuka huɗu. Sana'ar ta ido ce. In wannan faranti bai hango wancan ba, sabis ya tafi.

Kuskure ɗaya ya yi, tun farko. A watan Janairu ya auna hanyar da ke tsallakawa hayin rafi, lokacin da dogayen itatuwan bakin ruwa suke tsirara. Mayu na shiga ganye ya cika, gida arba'in suka ɗauke ɗif. Itatuwan na hukuma ne, ba mai taɓa su. Abin da ya kawo shi rufina ke nan, don daga can ake hango hayi ta saman ganye. Sai dai iskar hunturu kan karkata farantin, shi ya sa duk Mayu yake hawa ya daidaita shi da hannu ya jona, ganye na zuba ya cire wayar. Wannan aiki ba ya cikin kowace takarda, a kansa kawai yake.

Bara ya zamo daga tsani, ƙugunsa ya tsage. Likita ta ce shi da hawa sun yi sallama. Shekararsa sittin da uku, matarsa ta rasu, 'yarsa Amparo tana birnin Zaragoza tana kiransa. Abin da zai ci har ƙarshen ransa shi ne abin da farantan nan za su kawo in an sayar. Wani kamfani ya yarda zai saya, ya turo mai yi wa kaya kuɗi, wani Gonzalo, a watan Fabrairu.

Kwana uku suna yawo shi da Nicanor, suna duba kayan. Gonzalo ya ɗaga kai, ya ɗauki hoto, ya rubuta.

"Wannan na'urar nawa ka saye ta, Baba?"

"Ɗari uku."

"Yau ko talatin aka ba ka, ka karɓa da hannu biyu."

"Shekara tara ba ta taɓa tari ba."

"Kakata ma haka, amma ba mai tayawa."

Kayan da suka cinye masa yuro dubu arba'in, dubu shida aka yi musu kuɗi. Gonzalo ya ce ba ƙarfe suke saya ba, gidajen da ke biya suke saya, yuro ɗari huɗu kowanne. Duka dai dubu hamsin da takwas. Da suka tsallaka hayi ya gwada sabis, ya same shi cike taf. Nicanor ya kalli rassan nan tsirara, ya sunkuyar da kai.

Gidana ne zangon ƙarshe. Na ba su kofi da burodi da cuku, Nicanor ko taɓawa bai yi ba. Da muka fito tsakar gida, Gonzalo ya nuna bututun da alƙalami.

"Wancan fa? Ban gan shi yana aiki ba."

"Tsoho ne," in ji Nicanor. Gaskiya ce kuwa, tsohon ne.

"Sifili ke nan. Yaranmu za su sauke shi in sun zo."

Nicanor ya ɗaga kai ya kalli farantin. Gobe za a sa hannu. Kafin ganye ya fito yana Zaragoza, kuɗinsa a banki, kuma ba wanda zai ce ya yi ƙarya. Amma a hayi Remedios take, wadda ke sayar da cukunta ta intanet, a can kuma ɗakin shan magani yake. Ya ƙanƙame sandarsa.

Gonzalo ya juyo gare ni. "Gwaggo, ke ce mai rufin. Rabon da ki ga ya hau can tun yaushe?"

Na buɗe baki ke nan, Nicanor ya riga ni.

"Rufe littafin, ɗan nan. Ka ga itatuwan can?"

Ya faɗa masa komai, bai rage ba. Gonzalo ya daɗe yana kallon rafin.

"Baba, ka san da ka yi shiru da gobe mun gama?"

"Na sani."

"To ba ciniki sai Yuni. Sai na auna da ganye a kai."

Ma'anar wannan, akwai sauran Mayu guda, kuma ba wanda ya san inda farantin ke kallo sai shi. Mayu na shiga ya zo da sassafe, ya jingina sanda a bango. Ni na riƙe tsanin. Matakala ɗaya, ya huta, ya ja ƙafar da ta ƙi, ya ƙara ɗaya. A ta tara tsanin ya motsa, na ji ya ja numfashi ta haƙora, ƙasa kuwa dutse ne zalla. Ya yi minti arba'in a sama yana juya ƙarfe kamar mai zura zare a allura. Da ya sauko, kwanansa biyar bai taka ƙasa ba. Mutanen hayi ba su ma san an yi ba.

A Yuni Gonzalo ya dawo, ya auna, ya ce sai sun gina dogon turke, su kuma daga kuɗinsa za su cire. Dubu arba'in da ɗaya aka ba shi. Ɗan gidan da ya so saya kusa da Amparo ya fi ƙarfinsa, sai dai ya zauna a ƙaramin ɗakin da take ajiye tarkace.

Ranar tafiya ya tsaya a ƙofata, mota na jira. Ya ce ya gode da ban tona masa asiri ba ran nan.

Na ce, "Tona asiri? Kai dai wawa ne tun kana yaro. Kwana uku na yi ina shirya ƙaryar da zan shara wa mutumin nan, ƙarya mai kyau, har da rantsuwa. Ka zo ka ɓata min ita da bakinka. Shiga mota, kana tare min rana."