Motar da Baba Ya Gyara Mini

Shekaranjiya na tsaya wurin mai faci a bakin titin Makarfi, tayar babur ɗina ta sace. Yana goge robar da samfefa kafin ya shafa gam, sai ƙarar gugar da ƙaurin roba mai zafi suka mayar da ni zauren gidanmu, ina ɗan firamare, na durƙusa a gaban mahaifina. Mutane kan tuna yarinta su yi murmushi. Ni kuwa ƙaurin nan ɗaci ya bar mini a baki, har na hau babur ɗin na tafi bai sake ni ba.

Gidanmu babba ne, zaure ɗaya, sassa biyu. Baba yana gyaran injin niƙa da injin ban ruwa. Ƙaninsa, wanda muke kira Baffa, yana gyaran keke a gindin wata bishiyar maina kusa da kasuwa. An ce da a akushi ɗaya suke cin tuwo, amma ni ban riski wannan zamanin ba. Tun da na yi wayo, idan suka haɗu a zaure kowa bango yake kallo. Musabbabin kuwa fadamar rake ce da kakanmu ya bari. Da aka raba, ɓangaren da ke bakin rafi ya faɗo wa Baba, Baffa kuma ya ce an matsar da dutsen iyaka kafin masu rabo su zo. Har yau ban san mai gaskiya a cikinsu ba, kuma na daina son in sani.

Baffa yana da ɗa sa'ana. Damina ɗaya aka haife mu, rana ɗaya aka yi mana kaciya, kuma mahaifiyar iyayenmu, Kaka, ita ta yaye mu a ɗakinta. Gabar manya ba ta shafe mu ba, ko kuma in ce ba ta iso kanmu ba tukuna.

A unguwarmu akwai magudanar ruwa ta siminti da ta gangaro daga bayan masallaci zuwa ƙaramar gada. Da rani takan bushe ƙayau. Magina sun bar tsagi biyu a ƙasanta, inda katakansu suka haɗu, suna tafiya kafaɗa da kafaɗa har ƙarshe, kuma dab da gadar akwai wata kwana mai kaifi. Nan ne filin tserenmu. Mukan ƙera mota da gwangwanin madara a kan ɗan katako, mu yanka tayoyi daga tsohuwar silifa, mu kafa ƙusa a ƙasan gabanta. Ƙusar ita ke shiga tsagin ta riƙe motar a hanya. Sai a ɗora biyu a sama, a sake su tare, gangara ta yi sauran aikin. Wadda ta riga isa gada ba ta tuntsure ba, ita ta ci. Ni da ɗan Baffa mota ɗaya gare mu, shi ya fi ni iya yanka, ni na fi shi iya ɗauri.

Wata rana da bazara, lokacin da mangwaro ya fara nuna, 'ya'yan mahauta suka cinye mu sau uku a jere. Baffa ya zo wucewa ya tsaya yana kallo. Sai ya ɗauki motar ya tafi da ita rumfarsa. Washegari ta dawo da sandar taya ta tsinken keke, tana sheƙi. Na miƙa hannu zan taɓa, ɗan Baffa ya ja da baya yana kallon ƙasa.

Ya ce, "Babana ya ce tawa ce ni kaɗai yanzu. Wai tsinken nasa ne."

Na shiga gida ina kuka na gaya wa mahaifiyata Inna, ita kuma ta gaya wa Baba. Ka sani, mai karatu, mahaifina ba mutum ne mai kula wasan yara ba. Ban taɓa jin ya tambaye ni abin da na koya a makaranta ba. Amma a ranar, bayan sallar azahar, ya kira ni zaure ya ce in kawo gwangwani da tsohuwar silifar Inna. Ya shimfiɗa buhu, ya zazzage akwatin kayan aikinsa. Zuciyata ta cika da murna, na ɗauka saboda ni ne.

Ba zan hana shi abin da ya iya ba, hannunsa na da kyau. Ya fere katakon har ya yi siriri, ya ce motar da ta yi tsayi ita ke kifewa a kwana. Ya ɗora bakin gwangwanin tumatir a wuta ya danna a kan silifar, tayoyi suka fito zagaye. Duk da haka bai gamsu ba. Ya kai ni wurin wani injin niƙa da yake gyarawa, ya soke kowace taya a ƙusa, ya jingina ta da bel ɗin injin tana juyawa, yana goga mata samfefa a hankali har ta daina rawa. Tayoyin baya ya naɗe su da robar cikin tayar keke don su kama siminti. Na gaba kuwa ya sirance su, ya shafa musu kyandir, ya ce aikinsu su bi ƙusa, ba su yi gardama da ita ba. Ya yanka bututun biro ya zura sandar tayar a ciki, ya ɗiga baƙin mai. Sa'an nan ya ɗora motar a kan gilashin taga ya sunkuya yana leƙe, ya ga ko duk ƙafafun huɗu sun taɓa. Ɗaya ta ɗan ɗaga, ya kwance komai ya sake.

Daga ƙarshe ya fasa tsohon batirin mota, ya narka darma a gwangwanin kifi, ya zuba ta a wani rami da ya ƙwaƙule a cikin katakon, ɗan bayan ƙusa kaɗan. Ya rufe da gwangwani, ba mai gani.

Kwana da kwanaki muna wannan aiki. Idan na riƙe abu a karkace, sai in ji sifana a bayan hannuna. Yatsuna suka kumbura, ban yi ƙorafi ba, don ban taɓa zama kusa da shi haka ba. Ranar da muka gama ya juya motar a tafinsa, bai dube ni ba ya ce, "Ranar Juma'a za ku yi da yaron can. In ya riga ka sauka, kada ka shigo mini gida."

A nan na gane cewa ba mota yake ƙera mini ba. Tun shekaru yake neman abin da zai jefi ƙaninsa da shi, sai ga ni.

Daren Juma'ar bai yi ba sai da muka haɗu da ɗan Baffa a bayan rumbun Kaka, da yamma, muna shan mangwaro ɗaya, shi ya gatsa ni in gatsa. Ya nuna mini shatin bulala a cinyarsa. Ya ce shi ma an gaya masa irin abin da aka gaya mini. Mu biyun mun san dole ɗayanmu ya sha kaye, kuma ba wanda ya iya cewa ya yarda ya zama shi.

Bayan la'asar ranar Juma'a zafi ya ɗan sassauta, hadari na haɗuwa ta gabas yana watsewa. Yara suka cika bakin magudanar kamar kullum, amma wannan karon har da manya. Labari ya zaga, kowa ya san ba tseren yara aka zo kallo ba. Baba ya tsaya a hagu da 'yan majalisarsa, Baffa a dama da nasa. Dattawa masu furfura, waɗanda ya kamata su kore mu su ja wa mutanen nan biyu kunne, su ne suka fi kowa turo wuya.

Babban ɗan mahauta ya riƙe motocin ya sake su tare. Ta ɗan Baffa ba ta da nauyi, kuma ubansa ya sa mata ƙananan ƙwallayen ƙarfe na gindin keke, sai ta fita kamar an harba ta. Tawa tana biye tana gurnani. Har tsakiyar gangara ta ba ni tazarar taku guda, mutanen Baffa suka fara shewa. Da motocin suka iso kwana, ƙusar tasa ta fice daga tsagi, motar ta daki bango, ta wuntsila, taya ɗaya ta gangara ita kaɗai. Tawa ta kwanta a kwanar kamar an danne ta da hannu, ta wuce ta daki ƙafar gada.

Ban yi tsalle ba. Na juya ina neman fuskar ɗan Baffa, sai na ga ubansa ya riga ya sauka cikin magudanar. Ya ɗauki motata ya jijjiga ta a hannu, ya zaro sukuddireba daga aljihu ya ɓanɓare gwangwanin. Darmar ta bayyana. Babu dokar da ta hana sa nauyi, yara da yawa kan cusa dutse, amma ya ɗaga ta sama yana nuna wa jama'a.

Ya ce, "Yaya, har a wasan yara sai kun ɓoye abu a ƙasa? Haka kuka yi da dutsen iyaka."

Baba ya ce, "Kai dai ba ka iya ba ne. Tun kana ƙarami ba abin da ka iya sai kai ƙara."

Baffa ya yar da motar ya take ta da diddige har ta baje. Baba ya sauka ya kwaɗa masa mari a gaban kowa. Suka kama kokawa a cikin magudanar ruwa, manyan mutane masu iyali, hulunansu a ƙasa, rigunan Juma'a suna yagewa. Sai da liman da mai unguwa suka shiga tsakani. Baffa ya fito bakinsa na jini, ya ga ɗansa na kuka, ya huce a kansa da mari biyu. Yaron ya dafe kunci ya dube ni, irin kallon da ubansa ke yi wa nawa a zaure.

Kaka ta kira su ɗakinta. Muna jiyo muryarta tana cewa ita ta haife su amma yau kunyar fita take ji. Suka durƙusa suka ce, "To, Inna, a yi haƙuri." Ba abin da ya sauya. Kafin ruwan shuka ya sauka Baffa ya sayar da rabonsa na fadama ga wani baƙo, da gangan, don kada Baba ya samu. Ya kwashe iyalinsa a akori-kura zuwa Likoro, wurin dangin matarsa. Ɗansa na zaune a kan katifa a saman kaya. Na bi motar da gudu har bakin titi, bai ɗaga mini hannu ba.

Baba bai sake kirana zaure ba. Aikina ya ƙare. Da Kaka ta rasu Baffa ya zo jana'iza, ya tsaya a ƙarshen sahu, ya koma ko ruwan gidan bai sha ba. Su biyun duk sun rasu yanzu, Allah Ya gafarta musu. Ina yi musu addu'a don wajibi ne a kaina, amma ba zan ce maka zuciyata ta huce ba.

Shi ya sa idan na zauna a majalisa na ji tsofaffi suna cewa yaran yanzu sun lalace, waya ta raba su da zumunci, a da kuwa gida ɗaya ne tuwo ɗaya, sai in tashi in ba su wuri. Wasunsu suna bakin magudanar nan a ranar, na ga haƙoransu. Yaran yanzu suna tseren mota a waya, in an cinye su su sake dannawa, ba wanda ake kora daga gidan ubansa.

Bana ɗana na fari ya shiga makarantar kwana a Zariya. Da ya dawo hutu yake ba ni labarin wani abokinsa ɗan Likoro, gadonsu ɗaya sama da ƙasa, har malamai na cewa suna kama. Na tambayi sunan uban yaron da na kakansa, ya faɗa mini. Na ajiye cokalin da ke hannuna. Na ce ko ya gaya wa abokin nasa cewa mu mutanen Makarfi ne.

Ya ce, "Na gaya masa, Baba. Har ya tambayi babansa a waya. Ya ce masa su ba su da kowa a Makarfi."