Keken Kwance Zuwa Gidan Surukina

Talata: Magariya zuwa Dungas

Ƙarfe biyar da minti arba'in, bayan sallar asuba, na turo keken waje. Taya uku gare shi, biyu a baya, ɗaya a gaba. A tsakiya akwai kujera mai majingina, feda kuma tana can gaba, sai mutum ya jingina ya miƙe ƙafa sannan ya taka. A wayar wani na fara ganin hoton irinsa. Wata huɗu muka yi da mai walda muna haɗa shi daga tsofaffin kekuna biyu da kujerar ƙarfe. Duk awon ni na rubuta da hannuna, domin shekarata biyu ke nan a karatun manya. Mushe, wato malamin da ke koya mana, shi ne ya ce in rubuto wa 'yan ajinmu yadda tafiyar ta kasance.

Ba don kaina na yi keken ba. Baba, mahaifin maiɗakina Hajara, yana wani ƙauye gab da Mallawa. Shekara arba'in yana yawon kasuwanni a kan keke, sai ya faɗi, ƙugu ya goce. Ba ya iya ɗaga ƙafa ya hau, ba ya iya doguwar tsayuwa. Damina biyu bai ga gonarsa ba, daga ɗaki sai zaure.

A bayan kujera na ɗaure ƙaramin kekena mai naɗewa, wanda zan dawo a kansa in Baba ya karɓi wannan.

Hajara ta miƙo mini gorar ruwa ta ce, "Malam, na san halinsa. In na hango ka ka dawo a kwance, ba sai ka faɗa mini komai ba."

Ƙarfe shida da kwata na isa shingen jandarmomi. Ɗayansu ya zagaya ni sau biyu.

"Baba, wannan gado ne ko keke?"

"Keke ne, ranka ya daɗe."

"To barci kake ko tafiya?"

Bai ko dubi takardata ba. Sai da ya zauna ya taka har bakin shingen, sannan ya sake ni.

An yi ruwa shekaranjiya, yashi ya kwanta, tafiya ta yi daɗi. Gero ya fi ni tsawo dama da hagu, ni kuwa ina ƙasa, ina kallon cikin jakuna. Baya ba ya ciwo, wuyan hannu ba ya ciwo. A hawa ne kawai yake da nauyi, don ba dama ka miƙe tsaye ka danna.

Wajen ƙarfe goma na ratsa wani ƙauye. Dattawa huɗu suna zaune a gindin bedi. Na ɗaga hannu na yi sallama ina tafe, yadda na saba a kan keke. Ba wanda ya amsa. Ɗaya ya kira ni.

"Kai, ɗan wane gari ne?"

Na tsaya na faɗa masa.

"A garinku haka ake gaida manya? Kana kwance, kana nuna mana tafin ƙafa?"

Kunya ta rufe ni. Wata huɗu ina awon ƙarfe, ban taɓa tunanin inda ƙafafun suke kallo ba. Na sauka na durƙusa na ba da haƙuri. Suka ba ni ruwa, amma maganar ta bi ni har Dungas.

Na shiga Dungas ƙarfe biyu da rabi. Ana cewa tsakanin garuruwan kusan kilomita hamsin ne, cinyoyina sun ce ya fi. Na sauka wurin Sale mai faci, wanda muka koyi gyaran keke tare muna samari. Na sha fura ta dala arba'in. Ya ƙara mini iska, ya ɗaure sarƙa, ya ce, "Issufu, ƙarfe ya yi. Tsohon ne ban san wace sufana za ta kwance shi ba."

Laraba: Dungas zuwa ƙauyen su Baba

Ƙarfe shida na tashi, bayan koko da ƙosai na dala talatin. Hanyar nan ta fi ta jiya yashi. Sau biyar na sauka na tura. Duk inda na hango dattijo, tun daga nesa nake sauke ƙafa.

Sha ɗaya da rabi na isa. Na sauka tun daga rijiya, na tura keken har ƙofar zaure, na tuɓe takalma na durƙusa daga gefe. Baba yana kan tabarma tare da taubashinsa, Baba Ɗanladi, wanda ba sa rabuwa kuma ba sa daina tsokanar juna. Bayan doguwar gaisuwa na ce, kaina a ƙasa, ga abin da Hajara ta aiko da shi.

Baba ya daɗe yana dubansa. Ya tambayi inda birki yake, ya tambayi irin tayar. Na ga hannunsa yana motsi a kan gwiwa kamar mai jan birki. Sai ya ce in hau ya gani. Na hau na zagaya sau ɗaya.

"Allah ya yi albarka," in ji shi. "An sha wahala. Amma ni ban mutu ba tukuna da za a bi da ni cikin gari a kwance, ƙafafu a gaba. In gamu da liman fa? In gamu da maigari?"

Suruki ba ya jayayya. Na ce, "Haka ne, Baba." Na tura keken gindin rumbu. Aka kai mini tuwo ɗakin baƙi, na ci kaɗan.

Da la'asar na zauna ina kallon keken. Majinginar tana da ramuka uku, na yi su don tsawon mutum. Na zare ƙusa na ɗaga ta zuwa na ƙarshe, ta tsaya kamar kujerar zama. Saura tafin ƙafa. Na lanƙwasa waya a gaban feda, ina neman abin da zan rufe wurin da shi. Kwali ya yi laushi, kwano ya yi ƙara. Ina cikin haka sai Inna, surukata, ta zo wucewa da ƙwarya. Ba ta dube ni ba, ban dube ta ba. Ta ajiye babban faifai sabo a kan kujerar ta wuce.

Alhamis: gona

Da hantsi Baba Ɗanladi ya ga keken da faifai a goshinsa, ya yi dariya har da tari. Ya zauna a kai ya taka zuwa ƙofar zaure, inda Baba yake zaune.

"Kai gurgu, ka ga ƙafata?"

"Ban gani ba, kuma ban yi asara ba."

"To tunda ba ka so, ni na samu. Yanzu zan je gonarka. An ce waken ya nuna, mai shi kuwa ya bar wa duniya."

"Sauka, ɓarawo."

"In sauka wa zai hau?"

"Na ce sauka!"

Baba Ɗanladi ya sauka, muka kama Baba mu biyu ya zauna. Ya ɗora ƙafa, ya gwada birki sau uku, ya taka. Ƙarfe takwas da minti goma muka fita gari. A bakin masallaci muka gamu da liman. Baba ya ja birki ya sauke ƙafa, suka yi musabaha. Liman ya ce, "Yau ga ka a waje!" Baba ya ce, "Yara ne suka matsa."

Inda yashi ya yi yawa na kama bayan kujera ina turawa. Shekara ashirin da uku ina auren 'yarsa, ba mu taɓa yin hira ba. Yau da yake yana gaba ina baya, ba mai ganin fuskar wani, sai ya yi ta magana. Ya nuna mini inda ya faɗi. Ya ce sarƙata ta cika tsawo. Gaskiyarsa.

Minti ashirin da biyar muka isa. Bai sauka ba. Ya miƙa hannu ya jawo zangarniyar gero, ya murza a tafinsa, ya hure, ya zuba a baki. Ya daɗe yana taunawa. Sannan ya ce, "An bar ciyawa ta gabas." Na koma gefe na ba shi wuri.

Juma'a: komawa

Ƙarfe shida da rabi na buɗe ƙaramin kekena na nufi Mallawa. A tasha na naɗe shi na rungume a cinya, direba ya ce wannan ba kaya ba ne, jariri ne, bai karɓi kuɗinsa ba. Muka yi faci sau ɗaya. Na yi Juma'a a Dungas, na gaya wa Sale cewa faifai ne sufanar da ta kwance tsohon. Ƙarfe uku na samu wata motar, biyar da kwata muna Magariya.

Na buɗe keken a tasha na hau. Sirdin ya yi mini tauri bayan kwana biyu a kujera. Na gode wa Allah da ya kai ni ya dawo da ni, na gode wa Sale, da dattawan gindin bedi da suka ƙi amsa sallamata.

Da na shawo kwanar layinmu, Hajara tana ƙofar gida da tsintsiya a hannu, inda ba abin sharewa. Ta hango ni a zaune, sama, bayana ba komai. Ta saki tsintsiyar ta rufe fuska da gyale.