Gishirin Malam

Jiya a adaidaita sahu, hanyar Rano, wata budurwa tana waya tana ta zuba "very, very" kamar ruwan Agusta. Sai na tuna malaminmu na Turanci a firamaren Saji.

Shi ya koya mana "very" ƙwarai take nufi. Yakan ce gishirin magana ce, in ta yi yawa miya ta ɓaci. Ko ka cinye jarrabawa, "good" kawai za ka samu. Har na gama bai taɓa ƙara min gishirin ba.

Karatu bai yiwu ba, na koma noma, ina kauce masa a kasuwa don kunya. Wata damina ya tarar da ni a gona. Ya jingine kekensa, bakinsa ja da goro, ya daɗe yana duban kunyoyin gyaɗata. Ya damƙi jiƙaƙƙiyar ƙasa ya shinshina.

"Kai ka yi wannan huɗar?"

"Ni ne, Malam."

"Very good."

Na sunkuya kamar ina cire ciyawa, kada ya ga idona.

Allah ya sa ranar da za a duba nasa aikin, a faɗa masa irinta.