Mai-Zare Ta Ƙi Sabuwar Manhaja

Kowa a layinsu Mai-Zare yake ce mata. Shekara goma sha tara ta yi a wani kamfanin ɗinkin kakin ma'aikata, a kan injin da ke saƙa tambari a aljihun riga. Ranar da aka rufe kamfanin, ta ga an jingine injin a bakin ƙofa yana jiran masu sayen tsohon ƙarfe. Ba ta yi shawara da kowa ba. Ta roƙi manaja, ta kira mai kura, kafin rana ta raba injin na cikin ɗakin da ke jikin kicin ɗinta.

Injin ba ya aiki shi kaɗai. Wata waya mai kauri ce ta haɗa shi da kwamfuta. A kwamfutar ake zana tambari, a juya shi ya zama ɗinki, a tura wa allura. Tana da shekara arba'in da bakwai ta fara taɓa kwamfuta, da yatsa ɗaya, tana yi tana tsaki. Yanzu zanenta ya haura ɗari tara: bajojin makarantu, tambarin ƙungiyar direbobi, sunayen jarirai a kan tawul.

Ƙaninta Auta ne ya haɗa mata kwamfutar. Gyaran kwamfutoci yake yi a wani ofis, kuma yana cikin mutanen nan da in suka ga tsohon abu na aiki lafiya sai hannunsu ya fara ƙaiƙayi. Wata Asabar da safe ya shigo da jakarsa, ya tarar da ita tana jera zare.

"Yaya, babbar manhajar da ke tafiyar da kwamfutar nan ta tsufa. Masu ita ma sun daina kula da ita. Na kawo miki sabuwa."

"Laifin me ta yi maka?"

"Ke ake cuta. Ƙwaƙwalwar kwamfutar nan kashi huɗu ce, kowane kashi na iya ɗaukar aikinsa. Sabuwar ta fi iya raba musu aiki. Yanzu ɗaya ke shan wahala, uku na hamma."

"To su yi ta hammar mana. Kai kake ciyar da su?"

Mijinta ya ɗaga murya daga falo. "Kamar gidan nan ke nan, ɗaya na aiki, saura na kallo."

"Ai ka san mai kallon," in ji ta, ba tare da ta waiwaya ba.

Ba taurin kai kawai ba ne. Kamfanin da ya ƙera injin ya daɗe da rufewa, kuma 'yar manhajar da ke sa kwamfuta ta yi magana da shi guda ɗaya ce tak, ba wanda zai sake rubuta wata. In sabuwar ta ƙi ta, injin ya koma tarin ƙarfe. Ga bajo ɗari biyu da arba'in da wata makaranta ke jira ranar Alhamis.

"Zai yi, Yaya. Na tabbata."

Ta sha jin wannan kalmar a bakin sababbin ma'aikata, kafin su lalata rigar mutane. A kamfani doka ce, allura ba ta taɓa rigar kwastoma sai an gwada zanen a ƙyalle. Har yau akwai bokitin ƙyallaye a ƙarƙashin teburinta.

"Ina ƙyallenka?"

"Wane ƙyalle kuma?"

"Na gwaji. Ko a aikinku kai tsaye kuke dira a kan kayan mutane?"

Auta ya zaro wani faifan ajiya na daban daga jakarsa. Suka daidaita: za a cire na cikin kwamfutarta, a sa wannan, a ɗora masa sabuwar. Kafin ya taɓa komai ta zaɓo zanenta mafi wuya, wata mikiya mai launi goma sha ɗaya, ta sa tsohuwar manhajar ta juya shi tana kallon agogon bango. Daƙiƙa hamsin da biyu. Da ya ciro faifanta, ta naɗe shi a tawul ta ɗora a cinya.

Awa biyu ya yi yana ɗorawa. Gaskiya sabuwar ta burge. Nan da nan take tashi, ya buɗe hotuna da bidiyo da wasiƙu a lokaci guda ba ta ko yi tari ba. Mai-Zare ta gyaɗa kai, don ba ta ƙin gaskiya.

"Sa mikiyar."

Daƙiƙa arba'in da tara. Auta ya buɗe wurin da ke nuna aikin kowane kashi. Ɗaya ya cika maƙil, uku na kwance. Ya sosa ƙeya.

"Manhajar zanenki ce. Tun zamanin ƙwaƙwalwa ɗaya aka rubuta ta, ba ta ma san da sauran ba."

"Wato a kan daƙiƙa uku za ka tayar mini da gida. Tura wa injin."

Ya tura. Injin bai motsa ba. Ya zare waya ya mayar, ya kashe ya kunna, ya bincika duk inda ya sani har ƙarfe huɗu. Allurar na nan a tsaye.

Ya zauna a kan kujerar ɗinki, ya sassauta murya. "Na yarda, a aikinki babu riba. Amma Yaya, tsohuwar nan ba ta da mai tsare ta. Muddin tana kan intanet, wata rana bairos, cutar nan ta kwamfuta, zai shigo ya cinye zanenki duka."

Wannan karon ta saurare shi, don babu cika baki a ciki. Ta durƙusa, ta laluba bayan teburi, ta fizge wayar intanet da hannunta.

"Daga yau ba ta fita, ba a shigo mata. Mai son aiki ya turo hoto a wayata, in kalla in zana."

"Wata rana fa kwamfutar kanta za ta mutu."

"Ni ma haka. Kafin nan, ka kwafe mini zanen a wuri biyu. Ungo, mayar mini da abuna."

Ta warware tawul ta miƙa masa faifan. Da kwamfutar ta tashi da tsohuwar fuskarta, ta ɗaure yadi a firam ɗin injin, ta zura shuɗin zare, ta tura bajon farko. Allura ta sauka da ƙarar da ta sa mijinta ƙara muryar rediyo.