Zarto a Bakin Kogin Oti

A gidanmu na Zongo, can Agoè, da an idar da sallar isha'i Kaka Hajara takan jawo murhun gawayi tsakar gida, ta jera masara a kai, mu jikokinta mu kewaye ta. A Lome aka haife mu. Namun dawa a littafin lakwal, wato makaranta, kawai muke ganinsu, da sunayensu na Faransanci. Ita kuwa a arewa ta girma, wajen Mango, cikin masu koro shanu zuwa kudu, kuma da kunne ta san kowace dabba.

Takan kare baki da tafin hannu ta kwaikwayi kuka, ta ce, "Wace ce wannan?" Kura mun iya ta, dila ma haka. Gurnanin dorina kan sa ƙanwata ta ɓuya a bayana. In ka kuskure, Kaka ba ta dariya. "Sake saurara," take cewa, fuska a ɗaure.

Ran nan ta fitar da wani sauti daga maƙogwaro, kamar ana yanka katako. Na ce, "Kafinta ne, Kaka!" Muka kwashe da dariya. Ta zuba mini ido har masarar ta ƙone.

Ta ce wasu fatake ne suka yada zango a bakin kogin Oti, ruwan sama ya kashe musu wuta. Can cikin kurmi sai suka ji ƙarar zarto. Wani saurayi, Garba, ya ce, "Akwai mutane kusa, bari in samo mana garwashi." Manya duk sun tafi tattaro shanu. Ya karɓi kasko ya shiga duhu. Zarton ya tsaya.

"Damisa ce," in ji Kaka, murya ƙasa-ƙasa. "Haka kukanta yake. Da safe kaskon aka fara gani, sannan sawu, babu alamar farce, don ita ɓoye nata take yi. Sai wani ya ɗaga kai ya dubi reshen bishiya, inda takan rataye abin da ta kama."

Ba ta ƙarasa ba. Na fi wata ba na iya bi ta gaban shagon kafintan layinmu.

Sai bayan rasuwarta mahaifiyata ta gaya mini cewa Garba yayan Kaka ne, ciki ɗaya. Tana yarinya a lokacin, ita ma ta ji ƙarar, ita ce kuma ta miƙa masa kaskon. Ashe ba tatsuniya take mana ba. Har ta tsufa tana koya wa yaran birni muryar dabbar da ba za su taɓa haɗuwa da ita ba, don kada waninmu ya ji abin da ta ji, ya kasa cewa, "Yaya, kada ka je."